Kwana Ashirin da Takwas Cikin Ruwa

2 ga Maris

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Nan lafiya lau, sai gwiwar nan ta hagu da ba ta son matakala, da kunnen da ka sani. Likita ya canza mini ƙwaya, ya ce in rage gishiri, na rage. Auta ta tafi kwas ɗin da asibitinsu ya tura ta, sai ƙarshen Afrilu za ta dawo. Don haka ni kaɗai ce a gidan, ni da famfon tsakar gida da ke ɗiga ba hutu. Ka gaishe mini da angona. Ka ce masa na ga hoton, haƙoransa biyu sun tafi, in ya ci gaba a haka zan nemi wani mijin.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Ka san ba na maganar da ke da nauyi a waya. Rabi nake ji, rabi ya wuce ni, kuma abin da aka faɗa a waya ana iya cewa ba a faɗa ba.

Shekaranjiya Direba ya tsaya ya sauke mini saƙonka. Na ga bayan motarsa ya yi furu-furu, na tambaye shi ko ya koma dakon gari ne. Ya yi dariya ya ce toka ce, ta ɓuntun shinkafa, sau biyu a mako yake kai muku ita masana'anta. Na ce me toka take yi a gidan bulo? Ya ce zuba ta ake yi a kwaɓi, a rage siminti. Ya faɗa mini yana washe baki kamar wanda ya kawo albishir.

Babana, ina so in ji daga bakinka.

Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, buhun siminti ɗaya bulo talatin yake bugawa. Ba talatin da ɗaya ba. Maƙwabtansa a sana'a suna fitar da arba'in da biyar, wasu har hamsin, suna yi masa dariya. Kana aji uku lokacin da wani ɗan kwangila ya zo har gida ya ce a miƙa masa buhu ya kai arba'in, ba wanda zai sani tunda za a shafe da filasta. Mahaifinka ya miƙe ya ɗauko masa takalmansa ya ajiye a gabansa. A shekarar nan ba mu ɗinka ko ɗankwali ba, kuma ban taɓa jin kunyar fita ba.

Ni na ba bulon gidan nan ruwa shekara goma sha ɗaya, safe da yamma, da bokiti, kafin mu iya ɗaukar mai yi. Ina ɗauke da cikin Auta ina yi. Don haka kada ka yi mini bayani irin wanda ake yi wa wadda ba ta san yashi ba.

A cire siminti a zuba wani abu a madadinsa, suna ɗaya na san yana da shi, algus. Mai zuba wa madara ruwa da mai zuba wa siminti toka layinsu ɗaya, sai dai madara ba ta faɗo wa kowa a ka.

Sunana yana kan takardar kamfanin nan gefe da naka. Ban ba ka shi don ka shafa masa toka ba. Ka ba ni amsa a rubuce, ta hannun Direba. Kada ka kira.

Mahaifiyarka.

9 ga Maris

Umma,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da gwiwar ta tsaya a matakala. Duk muna lafiya, ƙaramar ta yi mura ta warke. Angonki ya ce a faɗa miki haƙoran suna hanya, kuma shi bai ga wanda zai ƙwace masa mata ba.

Direba bai yi ƙarya ba, amma ya kawo miki wutsiyar magana ya bar kanta. Laifina ne, ni ya kamata in fara faɗa miki.

Gwamnati ta fito da sabon sharaɗi. Duk wanda zai sayar mata da kayan gini, na makaranta ko na asibiti, sai ya nuna a rubuce yawan hayaƙin da aka saki sama wajen yin kayan. Siminti, Umma, dutse ne ake gasawa a wuta mai tsananin zafi. Kowane buhu da ya fito, an saki iskar nan da suke kira carbon mai yawa, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Sun sa iyaka, sun ce bulon da ya haura ta ba za su ko duba farashinsa ba. Na kai bulon Baba aka lissafa, ya haura. Ba don yana da aibi ba, simintinsa ne ya yi yawa.

Tokar da muke sa wa ba ta murhu ba ce. Ana ƙona ɓuntun a hankali, a niƙa tokar ta yi laushi kamar hoda, a tankaɗe. Kashi ɗaya cikin biyar na siminti muke cirewa mu sa ta. Ba cika wuri take yi ba, kamawa take yi tare da simintin. Mun kai ɗakin gwaji, suka sa a injin da ke matse bulo har ya fashe. Namu ya ɗauki nauyin da ya fi wanda na Baba ya ɗauka. Gwani, mai kwaɓin Baba, kwana uku bai amsa gaisuwata ba da muka fara. Ya ce shi da furfurarsa ba zai tuƙa toka ba. Da ya ga sakamakon, yanzu shi ke tare baƙi a ƙofa yana ba su labari kamar shi ya ƙirƙiro.

Ga abin da ke gabana. Za a gina azuzuwa a makarantu goma sha biyu, ana neman mai ba da bulo. Aikin shekara ɗaya da rabi ne. Mutum goma sha tara ke cin abinci a masana'antar nan, kuma tun da babban kamfanin can ya buɗe a bakin hanya, masu ginin gidaje sun koma wurinsa. Injinmu kwana uku yake aiki a mako. In ban samu aikin nan ba, ba zan iya riƙe kowa da kowa ba.

Takardar neman aikin tana cikin ambulan ɗin nan. A shafi na huɗu ake so masu kamfani su biyu su sa hannu, su shaida cewa abin da aka rubuta game da bulon gaskiya ne. Na sa nawa. Za a rufe karɓa ranar 20 ga Afrilu da tsakar rana.

Na san takardar ɗakin gwaji ba za ta gamsar da ke ba, sai kin yi gwajin Baba da hannunki. Ga bulo biyu nan na ba Direba. Bulon ya yi kwana ashirin da takwas cikin ruwa kafin a gwada shi. A tsaye nake rubutun nan, Direba yana ta danna mini oda a waje.

A sa mu a addu'a.

Ɗanki.

13 ga Maris

Babana,

Sallama. Na ji daɗi da ƙaramar ta warke. A daina ba ta ruwan sanyi, na faɗa wa uwarta ba sau ɗaya ba. Ni ina nan yadda nake.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Maganar hayaƙi na gane ta, ban yi sakandare a banza ba, kuma ba ni da faɗa da gwamnati in ta ce a rage ƙazanta a sama. Da na gama karantawa har zuciyata ta fara sauka. Na ce yaron nan ya yi bayani kamar mai gaskiya.

Sai na fita tsakar gida na ɗauki ɗaya daga cikin bulonka. Na ga launinsa da duhu-duhu, na ce tokar ce ta sa. Na ɗaga shi daidai ƙirji, yadda mahaifinka ke yi, na sake shi a kwance a kan daɓen siminti.

Gida uku ya rabu, Babana. Na tsuguna da gwiwar nan na ɗauki ɓallin tsakiya na murza, ya bi yatsuna.

Bulon mahaifinka a kwana bakwai ake yi masa gwajin nan, ya faɗi ya yi ƙara ya zauna yana kallonka. Kai da hannunka ka rubuta cewa naka ya yi kwana ashirin da takwas cikin ruwa. In wanda ya sha ruwa sau huɗu fiye da na mahaifinka ke nan, ina ga wanda za ku ɗora a mota kuna sauri? Ɗayan biyu ne. Ko bulon ba shi da kirki, ko kuma abin da kuka kai ɗakin gwaji daban, abin da kuke bugawa daban. In na biyun ne, to na haifi maƙaryaci, kuma ban san lokacin da hakan ta faru ba.

Ka ce azuzuwa. Ka san su wa ke zama a aji? Irin su angona. Yara arba'in, hamsin, kawunansu a sunkuye suna kwafar allo, ba wanda ke kallon bango. Gwamnati tana lissafin hayaƙin da ya tafi sama, ni kawunan da ke ƙasa nake lissafawa. Ka kawo mini mutum goma sha tara don in ji tausayi. Na ji. Amma gara su nemi wani aikin da ƙafafunsu, da a ciro ɗan wani daga ƙarƙashin bulo mai sunan gidanmu.

Ba zan sa hannu ba. Takardar tana cikin akwatina, ba za ta fito ba.

Ɗayan bulon na ja shi zuwa gindin famfo, inda ruwa ke kwanciya, na ɗora bokiti a kai. Iyakar aikin da ya dace da shi ke nan.

Kada ka rubuto mini wani dogon bayani. Tun kana yaro bakinka ya fi nawa, kuma ba na so a shawo kaina a kan abin da idona ya gani. Duk wasiƙar da ta zo zan mayar da ita a rufe, har ranar da Direba zai ce mini an daina kai toka. Wayar ma na kashe ta na sa a aljihun tebur.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka.

18 ga Maris

Umma,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwar ba ta tashi ba saboda tsugunon.

Don Allah ki karanta wannan ko da layi biyar ne. Ba labari na ba ki ba, roƙo na yi. Da na rubuta bulon ya yi kwana ashirin da takwas cikin ruwa, nufina ki bar shi ya yi, ki jiƙa shi tukuna kafin ki gwada. Kwanansa uku da bugawa ranar da na ba Direba. Waɗanda suka nuna an fasa wasu a ɗakin gwaji, sauran suna ofishin masu ba da aiki a matsayin samfuri. Ɗanye na aiko miki, shi ya sa kika ga duhun.

Bulon toka ba ya sauri. A makon farko na Baba ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai a hankali yake kamawa, in ya samu ruwa, har ya kamo shi ya wuce. Shi ya sa muka gina kwatami biyu na jiƙa bulo a bayan masana'anta, ba bulon da ke fita ƙofa sai ya cika kwanakinsa. Gwani ke riƙe da makullin.

Na ɗauko kwafin wasiƙar na duba, na ga yadda kika karanta ta. Ana iya karanta ta haka. Sauri ne ya sa ban lura ba.

Har yanzu da lokaci. Ki bar na gindin famfon inda yake, ki tabbata ruwa yana rufe shi. Ranar 10 ga Afrilu ki sa a ɗaga shi a saki. In ya fashe, ni da kaina zan rufe ƙofar tokar.

Kalmar da kika kira ni da ita, Umma, ba ki taɓa kirana da ita ba, ko ranar da na fasa gilashin motar maƙwabci na ce ba ni ba ne.

Ɗanki.

22 ga Maris

Babana,

Muna lafiya. Ga wasiƙarka nan yadda ta zo, ban buɗe ba. Direba ya so ya yi mini magana a bakin ƙofa, na ce aikinsa tuƙi ne. Bayan motarsa har yanzu furu-furu yake.

Mahaifiyarka.

29 ga Afrilu

Babana,

Assalamu alaikum. Mako biyar ke nan ban ga rubutunka ba. Ni na ce kada ka rubuto, na sani. Ina fata kowa lafiya. Auta ta dawo ranar Asabar, ta rame, ta ce abincin wurin kwas ɗin ba ya ciyuwa. Gwiwa tana nan.

Zan faɗi abin da ya faru a jere, don ba na so in ɓoye a bayan kalmomi.

Da Auta ta dawo ta ce ba za ta iya da ɗigar famfon nan ba, ta kira mai gyara. Jiya ya zo. Bulonka ya tare masa wurin da zai tona, ya ce a ba shi izini ya farfasa shi ya zubar. Na ce fasa, ba shi da amfani. Ya sa guduma. Gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ya ƙara, ya ƙara, sai ɗan gefe ya ɓalle kamar farce. Ya ɗago ya ce, "Mama, wannan a ina kuka saya? Ina ginin ɗaki, irinsa nake nema."

Na ce ya ɗaga shi daidai ƙirji ya saki. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya yi. Sau uku na sa shi. A na ukun daɓen tsakar gida ne ya tsage.

Na shiga ɗaki na ɗauko wasiƙarka ta tara ga Maris, na ba Auta na ce ta karanta mini da ƙarfi, ta gefen kunnen da ke ji. Da ta zo layin nan sai na ji muryarta ta sauka a kan "ya", ta faɗe shi a gajarce, yadda likita ke cewa yaro ya sha magani sau uku. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, ta ce, "Umma, ai cewa ya yi ki jiƙa shi." Ni kuwa na ja shi na karanta, kamar abin da ya riga ya faru. Harafi biyu ne, ba abin da ya bambanta su a takarda.

Mace da ta ba bulo ruwa shekara goma sha ɗaya ta ga ɗanyen bulo a hannunta ba ta gane shi ba. Na ga duhun. Na riga na yanke hukunci tun ranar da na ga bayan motar Direba, shi ya sa idona ya ga abin da yake so.

Na sa hannu a shafi na huɗu, ga shi nan. Na san ranar ta wuce da kwana tara. In akwai wata ƙofa, ka gwada. In ana so in zo in tsaya gaban masu ofishin in ce ni na riƙe takardar, zan hau mota da gwiwar nan.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Matar Baffanka ta zo dubiya makon jiya. Cikin hira ta ce Baffanka ya je wurinka ana saura kwana biyu a rufe, kuma ya ce mata an gama da maganar takarda, sa hannun tsohuwa ba abu ne mai wuya ba. Babana, ka faɗa mini gaskiya. Akwai takarda a ofishin gwamnati mai ɗauke da sunana da hannun da ba nawa ba? In akwai, ni na tura ka, amma duk da haka sai mun je mun janye ta.

Na kunna wayar. Amma wannan ma a rubuce nake son ta.

Mahaifiyarka.

8 ga Mayu

Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaishe da Auta. Haƙori ɗaya na angonki ya leƙo.

Babu wata takarda a ofishin kowa. Baffa ya zo, gaskiya ne. Ya zo da tsohon katin asibitinki mai sa hannunki, ya zauna a teburina ya gwada a bayan ambulan har sau shida. Na shidan ko ke sai kin duba da kyau. Ya tura mini shafin ya ce bulon gaskiya ne, lissafin gaskiya ne, wa aka cuta? Ba zan ɓoye miki ba, na daɗe ina kallon ambulan ɗin. Na ce masa ya tafi zan yi tunani, shi ya sa ya ɗauka an gama. Abin da shafin ke cewa shi ne mu biyu mun shaida. Ke ba ki shaida ba. Na yaga ambulan ɗin.

Ranar ashirin na je ofishin da kwafin takardar mai hannu ɗaya, ko za su karɓa su jira. Matar da ke karɓa ta buɗe shafi na huɗu, ta rufe, ta miƙo mini. Jiya ma na koma da wadda kika aiko. Ta ce an riga an ba wani. Kamfanin bakin hanya ne ya samu. Sun ce za a sake buɗe wani zagaye na asibitoci, wataƙila farkon shekara, da sabuwar takarda.

Ƙarshen Afrilu na sallami mutum bakwai. Na tara su a rumfar injin na faɗa musu. Gwani ba ya cikinsu, amma ya miƙe ya ce a cire shi a bar mai tura baro, wanda matarsa ta haihu wancan watan. Ya ce shi 'ya'yansa sun girma. Ya ajiye mini makullin kwatami a kan buhu ya fita. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tare da mu.

Laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Tafiyar kwana biyu ce tsakaninmu, da na so da na zo da kaina na tsaya a tsakar gidan na faɗa miki da baki. Da na kira Auta ma, ta leƙo gida daga wurin kwas ta faɗa miki, da ya isa. Na ce wa kaina masu duba masana'anta suna zuwa, ba zan iya barin wurin ba. Ba shi ba ne. Da wasiƙata ta dawo a rufe, zuciya ce ta hau ni. Na ce tunda maƙaryaci ne ni, bari ranar ta wuce ki gani. Mutum bakwai ne suka biya wannan fushin.

Baffa ya ce in je wurin lauya a cire sunanki daga kamfani don kada a sake. Ban je ba.

Ga wasiƙar sha takwas ga Maris na sake aikowa. Har yanzu a rufe take.

Ɗanki.

14 ga Mayu

Babana,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da lafiyarku. Auta tana amsawa. Ka ce wa angona na fasa neman wani.

Na buɗe wasiƙar. Da na yi haka mako bakwai da suka wuce, da yanzu Gwani yana bakin kwatami da makullinsa. Na karanta ta a zaune a bakin gado.

Kalmar da na kira ka da ita na janye ta. Ba ka cancance ta ba ranar da na rubuta, kuma ranar da ka yaga ambulan ɗin Baffanka ka nuna ɗan wa kake. Ka yafe mini. Ban saba rubuta wannan ba, don haka kada ka jira in maimaita.

Fushin da ka ce ka yi, ka yi shi, kuma ba daidai ba ne. Mai riƙe da abincin mutum goma sha tara ba shi da damar yin zuciya irin ta yaro. Amma a wurina ka gaje ta, ba zan tsaya ina yi maka wa'azi a kai ba.

Akwai ƙaramar takarda cikin wannan ambulan. Ka tara mutanen nan bakwai, har da wanda Gwani ya ba wurinsa, ka karanta musu. Na rubuta cewa bulon ba shi da laifi, kai ma ka yi abin da ya kamata a kan takarda, ni ce na riƙe ta bisa kuskure. Kada ka gyara ko kalma ɗaya don ka rufa mini asiri. Ta Gwani daban take, ka kai masa gida da kanka, kada ka aika. Na roƙe shi ya dawo ran da injin ya koma kwana shida.

Sunana ya zauna inda yake a takardar kamfani. In sabuwar ta fito ka aiko da wuri, zan karanta kowane shafi, kuma zan yi tambaya har ka gaji. Abin da na yi alkawari shi ne wasiƙa ba za ta ƙara fita daga gidan nan a rufe ba. Ka ce wa Baffanka ya dawo mini da katina.

Sannan kai ma ka gyara rubutunka. Bulo biyu ka aiko. Da ka rubuta "su yi", ba mai karanta shi "sun yi". Ba a rubuta maganar da ke ɗauke da abincin mutane a tsaye ana danna wa mutum oda.

Katangar baya ta karkata tun bara, wadda nake shimfiɗa tabarma a gindinta da la'asar. Magini ya duba ya ce bulo ɗari biyu da ashirin za ta ci. Ka aiko mini na toka. Ka aiko su ɗanye, kada ka ɓata musu wuri a kwatami. Famfo ya gyaru, bokitina yana nan. Ni zan ba su ruwa, safe da yamma, har su cika ashirin da takwas.

Mahaifiyarka.